Allo na Uku Ya Ƙi Kamawa

Daren jiya wani mafarki na yi, irin wanda mutum zai so ya haƙa rami ya binne. Amma kafin in ba ku shi, sai na faɗi abin da na kwanta da shi a ciki, don ba tuwo kaɗai ba ne.

Sunana Haladu, sai dai shekara talatin ke nan ba mai kirana haka sai matata Hansatu da abokina Isiyaku. Kowa Injiniya yake cewa. Da gyaran rediyo na fara, na koma talabijin, da zamani ya juya na bi shi zuwa kwamfuta ina ɗingishi. Jiya da la'asar Hajiya Kubura mai shagon haɗa bidiyon biki ta kira ni in haɗa mata allo uku a jikin kwamfuta ɗaya. Ta sayi sabon katin hoto a wurin Isiyaku. Katin hoto shi ne abin nan mai 'yar fanka da ake sokawa cikin akwatin kwamfuta, shi ke aika hoto zuwa allo, ramukansa kuma suna can ƙasa ta baya. Daga ɗaurin aure na wuce, cikin farar shadda da ta sha sitaci, ga ma'aikatanta mata huɗu sun zuba mini ido. Akwatin yana ƙarƙashin tebur. Ni Injiniya in durƙusa a kan siminti? Haba! Na zura hannu ta baya ina lalube, ina cewa, "Ai hannuna ido gare shi." Allo biyu suka kama. Na ukun ya tsaya baƙi ƙirin. Da Hajiya ta tambayi dalili, bakina ya riga hankalina, na ce, "Katin nan jabu ne." Ta rantse gobe da safe sai duk layin kasuwa ya ji irin kayan da Isiyaku ke sayarwa. Wanda ya san Hajiya Kubura kuwa ya san ba ta buƙatar lasifika.

Ina kan hanyar gida na tuna akwai wani rami a sama, na ainihin kwamfutar, wanda ba ya ba da hoto in an sa kati. Na tuna yadda kebul na uku ya shige sumul, can sama. Na ci tuwo, na ƙara, na kwanta ban kira kowa ba.

Sai ga ni a wani ofis da rana tsaka. Akuyoyi ne a kan kujeru, kowace da tarin fayil a gabanta. Ta bakin ƙofa ta ce in sa hannu a littafin baƙi. Na sa, ta yage shafin ta cinye, ta ce an karɓa, in shiga. Babban darakta bunsuru ne mai tabarau, warinsa ya riga shi yi mini maraba.

"Kai ne katin?" in ji shi.

"A'a, ranka ya daɗe, ni Injiniya ne."

"To, ai duk ɗaya ne. Juya."

Na juya. Ya ɗaga mini riga da ƙaho, ya ƙirga wani abu a jikina, ya ce rami huɗu, madalla. Ni ban taɓa sanin ina da su ba, amma ban yi musu ba, don a gaban ma'aikata ne.

Aka shigo da allo uku a ɗaure da igiya, ɗaya yana turjewa. Aka jera su a kan tebur, aka jawo kebul aka soka mini. Ba zafi, ɗan sanyi ne kawai. Allo na farko ya kama, sai ga ni a ciki cikin farar shadda, na ɗaga haɓa, ina cewa katin nan jabu ne. Na biyu ya kama, shi ma abin da yake nunawa ke nan. Haladu biyu, ƙarya ɗaya, suna faɗa a tare ba mai riga wani.

Darakta ya ɓata rai. "Wa ya bar shi a kan maimaici? Ɓarnar allo ke nan. A shimfiɗa shi, mu ga abin da ke gefe."

Wata akuya ta zo ta taka mini babban yatsan ƙafa. Nan take hoton ya miƙe, allo na biyu ya daina kwaikwayon na farko. Sai ga Isiyaku a ciki, shekarar da gobara ta cinye shagona. Yana kwashe kayansa daga rabin teburinsa, yana goge wurin da hularsa, yana cewa, "Haladu, zauna nan, kada ka bari mutane su manta da fuskarka." A allon hagu kuwa ina nan ina ta maimaita jabu ne, jabu ne. Akuyoyin suna kallon hagu, su kalli dama, su kalle ni, suna tuƙa. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a mayar da shi maimaicin?"

"Sai ka cika takarda. An cinye takardun kuwa tun da safe."

Allo na uku yana nan baƙi, wasu 'yan kalmomi suna iyo a cikinsa daga kusurwa zuwa kusurwa: babu saƙo.

"Wannan fa?" in ji darakta.

"Allon ne jabu," na ce. Ban san lokacin da ta fito ba.

Allon ya sunkuyar da kai. Wata akuya ta shafa masa baya.

Sai ga ni a titi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama, mutane kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki. Ni ba ni da lema, ruwan ya bi ta ƙafar wando ya fito ta wuyan riga, shaddar kuwa ko ɗigo bai taɓa ta waje ba. Kebul ukun suna nan a jikina, allunan suna biye da ni a baya.

Can na hango Hajiya Kubura. Ta ɗauko muryarta a cikin babban kwano a ka, ta rufe da faifai, muryar tana kumbura tana ɗaga faifan. Na san inda za ta. Shagon Isiyaku yana hannun dama, ƙarshen layi, ina ganinsa yana jera kaya yana gaida masu wucewa. Na ce in dai na riga ta isa, sai in ja shi gefe in gaya masa a kunne, ba sai kowa ya ji ba. Na ruga dama. Da na kai gefen garin sai na ɓulla ta hagu, a tsakar gidana, a kan tabarma, ga kwanon tuwo.

"In ƙaro miya?" in ji Hansatu.

"Ƙaro."

Na cinye, na tashi, na sake rugawa dama. Na sake ɓulla a gaban tuwo. Sau uku ana haka, kuma duk ukun sai da na suɗe kwano, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. A na huɗu na tsaya wajen wata tsohuwar akuya mai ba da hannu a mararraba, na ce, "Baba, wai ina damar garin nan take?"

"Tana hagu. Ka ga garin allo uku ne, an jera su ba daidai ba, na tsakiya yana ƙarshe. Wanda ya jera bai duba ba."

"Wane sakarai ne?"

"Wani mai farar riga. Ya ce hannunsa ido gare shi."

Na yi mata godiya, na wuce ina kallon ƙasa, ruwa yana shigar mini hanci.

Sai ga ni a kotu. A tsakiyar kasuwa aka kafa ta, duk 'yan layi suna zaune a kan benci, masu waya, masu caja, masu gyaran firinta, har mai shayin da muke zama wurinsa. Darakta ne alƙali, ya dai canza tabarau. Hajiya ta sauke kwanonta a gaba, ta ɗora hannu a kan faifan tana jira. A wurin wanda ake tuhuma Isiyaku ne tsaye, da 'yar fanka a ƙirjinsa tana juyawa a hankali, an rataya masa kwali a wuya ba a rubuta komai ba tukuna. Wata akuya tana gefe da alƙalami a baki.

"Shaida ɗaya ne," in ji alƙali. "Injiniya, wannan na gaske ne ko jabu?"

Na buɗe baki in ce na gaske ne. Allah ya sani niyyata ke nan. Amma na ga 'yan layi, na ga matan nan huɗu na shagon Hajiya a sahun gaba, sai na ji bakina yana cewa, "To, ka san kayan yanzu, sai a hankali."

Alƙali ya juya. "Isiyaku, me ka ce?"

Isiyaku ya dube ni, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa. "Ranka ya daɗe, in Haladu ya ce ni jabu ne, to jabu ne ni. Ya fi ni sanin aikin nan. A rubuta."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Akuyar ta kai alƙalami jikin kwalin. Faifan Hajiya ya fara rawa.

"Dakata," in ji tsohuwar akuyar mararraba, ashe tana cikin masu kallo. "An duba bayan akwatin kuwa?"

Alƙali ya ce a dokar garin, mai farar riga ne ke dubawa. Akwatin yana ƙarƙashin teburin alƙali, can ciki, inda ƙura da kashin akuya suke. Na ce a kawo hannuna ya ba da shaida. Aka kawo shi a kan tire, ga ido ɗaya a tsakiyar tafin, a rufe, yana barci har da minshari. 'Yan layi suka fashe da dariya, mai shayi har da riƙe ciki.

"Durƙusa," in ji alƙali.

Na gwada. Shaddar ta sandare kamar kwanon rufi, ta ƙi lanƙwasuwa. Na laluba gwiwoyina ban same su ba, ashe na daɗe ban yi amfani da su a gaban mutane ba, sun koma ciki. Tsohuwar akuyar ta matso, ta naɗe ƙafafunta na gaba ta durƙusa, yadda akuya ke yi in za ta ci abin da ke ƙarƙashin danga.

"Ka ga? Ko darakta haka yake cin abinci. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, bare akwati."

Na rintse ido na saki jiki. Shaddar ta tsage ɓarr tun daga wuya har ƙasa, kowa ya ga tsohuwar singiletina mai huji. Na rarrafa ƙarƙashin tebur. Da na leƙa bayan akwatin sai na ga ba akwati ba ne, ni ne a tsugune, da hular da komai. Kebul biyu sun shiga ta haƙarƙari. Na ukun kuwa a bakina yake, can sama, ya zauna daram.

"Me ka gani?" in ji alƙali daga sama.

Na so in amsa, kebul ya cika mini baki. Ina jin ƙarar alƙalami a jikin kwali, an gama harafin farko. Na kama kebul ɗin da hannu biyu ina ja, ya ƙi fita, ina ja, Hajiya ta ɗaga faifan, muryar ta fito tana cewa fiiit, fiiit, fiiit.

Hon ɗin babur ne. Na farka da gefen bargo a baki, rana ta riga ta shigo ta taga. Duk unguwa ba mai hon mai shaƙewa irin wannan sai mutum ɗaya.

Na fita ƙofar gida daga ni sai singileti da wando. Isiyaku yana kan tsohon baburinsa, ya rungume wani kwali a leda.

"Haladu, ka tashi lafiya? Hajiya Kubura ta tsaya a shago tun ƙarfe bakwai. Kai, ta yi magana, har masu gyaran firinta sun fito." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Na ce mata in Injiniya ne ya ce jabu ne, to ba ni da ta cewa, ni ma cutata aka yi. Ga wani na ɗauko, na ce sai ka duba shi da hannunka kafin in kai, kada in sake jin kunya."

Ya miƙo mini kwalin. Na kasa karɓa.

"Mayar da shi," na ce. "Katinka lafiya lau yake. Ni ne na soka kebul a ramin sama, don na ƙi durƙusawa. Tun jiya da magariba na sani."

Ya daɗe yana kallon tankin baburin, yana goge wani tabo da babban yatsa.

"Tun jiya," ya ce a hankali.

"Kai ni shagon Hajiya. Daga can mu bi layi, shago shago."

"Je ka sa riga mana."

"A'a. Durƙuso zan yi, haka ma ya isa."

Ya matsa gaba kaɗan ya bar mini wuri. Na hau. Ya tayar da babur, muka nufi shagon Hajiya.