Kan San Telmo da Hannayensa

A gidanmu kan San Telmo yake kwana, shi da hannayensa biyu, cikin wani akwatin katako da ke saman kabad ɗin kakata Tasing, wadda muke kira Lola. Gangar jikin mutum-mutumin waliyyin kuwa, wadda ba komai ba ce sai 'yan katakai da aka harhaɗa, tana cocin jami'a. Duk shekara, ranar jajibirin idinsa, Lola kan rungumi akwatin ta shiga jami'a, ta ɗora kan a wuya, ta maƙala hannayen, ta sa masa farar riga da baƙar alkyabba, ta taje masa gashi. Washegari a ɗora shi a amalanke a gangara da shi bakin teku, ya sa wa jiragen masunta albarka.

Fadoji, wato limaman cocin da suka kafa jami'armu, da shi suka sauka daga jirgi. Littafin tarihin makaranta, wanda na karanta har bangonsa ya saki, ya ce da rumfar ganyen kwakwa suka fara, suna koya wa 'ya'yan masunta Latin da sanin taurari. Daga rumfa aka yi ginin dutse. Yaƙi ya zo ya ƙone ginin. Daga cikin wutar nan mahaifiyar Lola ta fito da kan da hannayen a buhun shinkafa, da fadojin suka dawo bayan yaƙi kuma suka ce ta ci gaba da riƙo. Daga ita riƙon ya faɗo hannun Lola.

Bana jami'a ta cika shekara ɗari da hamsin, aka gina gidan kayan tarihi mai na'urar sanyi. Ni kuwa ina shekarata ta biyu a sashen tarihi, ina aiki a laburare, aikin ne ma ya ɗauke mini kuɗin makaranta. Ina cikin jera littattafai aka ce shugaban jami'a, Padre Dimaano, wanda shi ma fada ne, yana kirana. Na ajiye littattafan na nufi ofishinsa.

"Zauna, Leonila. Ya jikin Lola?"

"Da sauƙi, Padre."

"Masana sun duba hoton fuskar San Telmo. Hauren giwa ne, iskar teku tana cinye shi, har ya fara tsagewa a kumatu. Mun yi masa akwatin gilashi, jikin ma yana ciki. Saura kai da hannaye. Ki kawo mana kafin ranar idi."

"To zuwa teku fa, Padre?"

"Za mu sa a yi wani na roba. Daga nesa wa zai gane?" Ya yi murmushi. "Ki gaya wa Lola jami'a ba ta taɓa mantawa da gidanku ba. Ke ce shaida."

Na gane abin da yake nufi. Na ce to, na fito ina tuntuɓe da dokin ƙofa.

Na tarar da Lola a kan kekenta na ɗinki, allura a baki. Na jero mata saƙon kamar mai ba da hadda. Sai da ta kai ƙarshen ɗinkin ta zare allurar.

"Na roba? Bokiti ne shi?"

"Lola, ai da gaskiyarsu. Ya tsage."

"Ni ma na tsage. Sai ki sa a saka ni a gilashi." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke 'yar boko, a littafin naku an rubuta dalilin da ya kawo shi garin nan?"

"Don masunta."

"To masunta za su riƙa cire takalmi suna shiga ɗakin sanyi su leƙa shi? Da ƙarnin kifinsu? Ai mai gadi ma ba zai bar su su wuce ƙofa ba."

"Za su kore ni daga laburare, Lola. In babu aikin nan, babu karatu."

Ta soke allurar a jikin ƙyallen. Na zaci ta sauko. Sai ta ce, "Uwar tsoro, ke ki je ki tsaya inda suka ce ki tsaya. Ban ce ki taya ni ba. Amma akwatin nan ba zai shiga can ba."

Kwana biyu ina bin bayan gini don kada in haɗu da Padre. Ranar idi da sassafe na fito da kayan makaranta a goge, na ga abin da ya sa na kusa zama a ƙasa. Lola ta jawo gunkin da take gwada rigunan amare a kai, ta ɗora masa kan San Telmo, ta ɗaure hannayen da waya. Maƙwabcinmu Manong Berting, mai tallan kifi, ya wanke amalankensa ya kawo, yana tsaye yana riƙe da ciki don dariya.

"Manang Tasing, yaushe San Telmo ya fara shayarwa?" ya tambayi Lola.

"Rufe mini baki, tsohon banza, miƙo tawul ɗin nan."

Ta naɗe ƙirjin gunkin da tawul har ya baje, ta zura masa riga, ta yafa alkyabba. Ta ja da baya ta dube shi.

"Ya ɗan yi ƙiba," in ji Manong Berting.

"Shekara guda yana kwance, ba dole ba?"

Ban yi dariya ba. Na wuce makaranta.

Aikina a bikin buɗe gidan kayan tarihin shi ne riƙe farantin da aka ɗora almakashin yanke ƙyalle a kai. Ina tsaye kusa da Padre Dimaano a ƙofar sabon ginin, manyan baƙi sun cika kujeru, mata suna fifita. Ta tagar ginin ina hango akwatin gilashin, da katakai tsirara a ciki, ba kai ba hannu.

"Ina saƙona?" Padre ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

Ban ma samu damar yin ƙarya ba, don daidai lokacin aka busa ƙahon katantanwa a titi, irin wanda masunta ke busawa in sun dawo da kamu. Kowa ya waiga. Ga amalanken kifi a bakin babbar ƙofa, San Telmo na tangaɗi a kai, mata masu kyandir sun kewaye shi, Manong Berting yana turawa, Lola a gaba ta rataya igiya a kafaɗa tana ja. Mai gadi ya yi maza ya tura ƙyaure.

"Bar shi a buɗe, ɗana, ba shigowa za mu yi ba!" Lola ta ɗaga murya. "Gaisuwa ya tsaya yi wa makarantarsa!"

Wasu ɗalibai suka kwashe da dariya. Wata baƙuwa ta yi alamar gicciye.

"Leonila," in ji Padre, fuskarsa ta yi ja, "je ki ce ta shigo da shi. Yanzu."

Na tafi da farantin a hannuna. Ina isa ƙofa na ga kafaɗar Lola. Igiyar ta zame mata riga, ta yi mata jan shati a fata, numfashinta yana fita da ƙyar. Daga nan zuwa teku kuma akwai tafiya.

"Me ya ce a gaya mini?" ta tambaya.

Na miƙa wa mai gadi farantin. Ya karɓa bai san ya karɓa ba. Na zare igiyar daga kafaɗar Lola na rataya a tawa.

"Leonila!" Muryar Padre ce ta lasifika, gaban kowa. "Ki same ni a ofis ranar Litinin."

Na juyo. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan tsako, amma ta fito.

"Zan zo, Padre."

Muka gangara. Ban taɓa jan abin da ya fi keken littattafai nauyi ba, takalmin makaranta kuma sai santsi yake yi. Manong Berting yana ta ihu a baya, "Hagu, malama, hagu! Za ki kai shi kantin magani!" Mutane suka yi ta fitowa daga lunguna. A bakin teku masunta sun jera jirage, suka shigo ruwa har gwiwa, suka ɗaga waliyyin daga amalanke. Da suka wuce da shi ta gabana na ga tsagar a kumatunsa, doguwa, ta fi yadda nake tsammani, ga feshin ruwan gishiri yana sauka a kai. Padre bai yi ƙarya ba. Wani tsoho ya taɓa gefen alkyabbar ya shafa a goshin jikansa. Ban ce a mayar da shi baya ba.

Ranar Litinin na je ofis. Padre Dimaano bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kin kunyata jami'a gaban baƙinta. Duk da haka zan manta. Ki kawo kan da hannayen, ki koma bakin aikinki."

Na ciro makullin laburare daga wuyana na ajiye a teburinsa.

"Kin san abin da kike zubarwa, yarinya?"

"Na sani, Padre."

"To shi ke nan. Kina iya tafiya."

"Akwai saura, Padre. Jikin muke so. Katako ne, iskar teku ba ta yi masa komai."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya nuna mini ƙofa da hannu. Na gyara zama a kujerar, na haɗa gwiwoyina, na ce zan jira amsa.