Ɓerayen Kantar Sama

Auta na cikin ɗaukar hoton wuyan wani ɓera na kantar sama sai ta ga farcen ƙafarsa a yanke tsaf. Ta ɗago wani. Shi ma haka.

Shekara biyu ke nan tana fama da ɓerayen nan a ɗakin bincike, aikin digirinta kacokan. Dukansu masu ƙaiƙayi ne, su yi ta susa har fatar wuya ta ɗaye. Rabinsu an cire musu wata ƙwayar gado da ake zargin ita ke sa jijiyar fata jin ƙaiƙayi, su ne a kantar sama. Sauran suna ta ƙasa. Ana nan sai na sama suka warke sumul, gashi ya tsiro, na ƙasa kuwa sai abin da ya yi gaba. Farfesan da ke duba aikin har ya fara kiranta Dokta, gobe ma zai aika da sakamakon a buga.

Baba mai sharar keji ya shigo yana jan ƙafa da buhun abincinsu. Ta tambaye shi zancen farcen. Ko a jikinsa, ya ce ai shi ne. Tausayi suka ba shi, kuma haka ake yi wa jikansa in ƙuraje suka taso, a rage farce fata ta huta. Har ya zaro ɗan almakashin daga aljihu yana nuna mata.

"To na ƙasan fa, Baba?"

"Ke dai bari, 'yata. Gwiwar nan rabonta da lanƙwasuwa tun bara."

Ashe wataƙila yankan farce ne ya warkar da na saman, ba cire ƙwayar gadon ba. Haushi ya kama ta, amma ta rasa wanda za ta ɗora wa, tsohon dai alheri ya yi niyya. Ban da su biyu ba wanda ya sani, kuma farce ba ya fitowa a hoton wuya.

Wayarta ta yi ƙara, Farfesa ne. Ta ce masa ya dakata da aikawa, sai nan da wata guda. Ya yi ta faɗa, ta bar shi ya gama.

Ta karɓi almakashin, ta tattare siket, ta durƙusa gaban kantar ƙasa. Idan waɗannan ma suka warke, shekara biyunta ta tafi ke nan.

Baba ya leƙo ta kafaɗarta. "A hankali, Dokta, kar ki kai ga tsoka."