Katakon Gidan Zakuna

A wata jami'a da ke kudancin Alabama, duk saurayin da ke son shiga ƙungiyar 'yan'uwantaka ta Gidan Zakuna sai ya sha katako. Faffaɗa ne mai mariƙi, an ƙona haruffan ƙungiya a jikinsa. Sabon shiga zai sunkuya ya kama idon sawunsa, tsofaffin ɗaliban da suka dawo bikin shekara su yi layi, kowa ya zuba masa uku. Bara aka kwashi wani ɗalibi sai asibiti daga gidan wata ƙungiyar, hukumar makaranta ta ce duk inda aka sake duka za a cire haruffan ƙungiya daga jikin gidan a garƙama masa kwaɗo.

Lamont Pruitt ne shugaban Zakuna a bana. Shi da Renita Boyd, shugabar ƙungiyar 'yan matan tsallaken titi, suka kai shawara majalisar ƙungiyoyi aka karɓa: ranar shigar da sababbi, kowane gida ya zaunar da shaida daga wani gidan. A baki abu mai sauƙi. Sai dai cikin masu zuwa dukan har da uban Lamont, Cedric.

Ranar shigarwar, Asabar da hantsi, hayaƙin gashi ya cika tsakar gida, sababbi bakwai na tsaye cikin farar riga kamar an dasa su. Renita ta ja kujera a baranda ta harɗe ƙafa.

Cedric ya fito da katako a hannu, ya tsaya turus. "Wannan kuma wace ce? 'Yammata, kin yi ɓatan hanya, gidanku na can."

"Ina kwana, Baba Pruitt. Kallo na zo, an ce kun iya."

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Cedric ya juya ga ɗansa. "Kai ka kawo mana mace cikin sirrinmu? Ni na sha talatin, mako guda a tsaye nake cin abinci. Ga ni, na mutu?"

"Baba, in ka ɗaga katakon nan, Litinin babu gidan."

"To mu za a koya wa riƙon gida!"

Lamont ya matso. Ya tsaya tsakanin uban da sababbin.

Sai wata murya ta taso daga wajen murhu. Odell Gaines ne, mai shekara tamanin da ɗaya, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa gidan.

"Cedric, miƙo min abin nan." Ya karɓa, ya juya shi, ya shafa bakin katakon. "Kun san mene ne wannan, ƙattin banza? Muciya ce. Ni na sassaƙa ta. A zamaninmu rabin ɗaliban makarantar nan da yunwa suke shiga aji. Kowace Asabar mu ɗora ƙatuwar tukunya, kaza da masara da wake, sabon shiga ya yi ta tuƙi har kafaɗarsa ta sage, sannan ya raba wa duk wanda ya zo da kwano. Shi ke nan shigar. Na bayanmu ne ƙyuya ta kama, suka ga duka ya fi tuƙi sauƙi."

"Ba ka taɓa faɗa ba, Baba Odell," in ji Cedric.

"Ana ba ni kujera mai laushi, ana ce min Baba, sai na kama bakina. Laifina ne. Yau kuma yarinya ta zo kallo, kunya ta kama ni."

Cedric ya sosa ƙeya ya yi tsaki. "To ina tukunyar? Ko a hula za su tuƙa?"

Renita ta miƙe. "Muna da ita a gidanmu. Amma ku wanke abin nan da sabulu tukuna, na san inda ya sha zuwa."

Kafin la'asar layin masu kwano ya kai bakin titi. Sababbi na tuƙi, gumi na tsiyaya, Cedric na tsaye a kansu yana faɗa wai ba su iya ba, har ya ƙwace ya nuna musu.

Lamont ya kai wa tsohon kwano, ya durƙusa gefensa. Godiya ta cika masa ciki. Ya yi ƙasa da murya.

"Baba Odell, tsakani da Allah, muciya ce?"

Tsohon ya hura cokalinsa. "Kai yaro, tashi ka kai wa yarinyar can nata, tun safe take zaune."