Sunan Mairama

Tun da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Mairama a farkon damina, ba ta sake magana ba. Idanunta a buɗe suke, tana haɗiyar kunu idan an ba ta, amma ba ta bin kowa da kallo. Masu dubiya sun yi ta zuwa suna tambayar ta ko ta gane su, har suka gaji, ƙafa ta ɗauke. Gidan ya rage daga mijinta Malam Sodangi, tsohon makiyayi da ya zauna noma a Kaikai, sai autarsu Rahma, wadda ta baro koyarwa a Katsina domin jinya.

Ana cikin haka wata jami'a a ƙasar waje ta ba Rahma gurbin digiri na uku. Binciken ya shafi ƙwaƙwalwa, wato yadda za a gane ko marar lafiyar da ba ya motsi, ba ya magana, yana sane da kansa da na kusa da shi.

Da ta yi wa mahaifinta bayani, sai ya yi dariya.

"Duk bokon nan, ashe abin da ya rage ki koyo shi ne ko mutum yana nan ko ba ya nan? Ai Nagoggo mai fura ma sallama ɗaya take yi ta sani."

"To Baffa, Inna tana nan?"

Ya juya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Rahma ta ce a can akan ɗora na'ura a kan mutum, a kira shi da sunansa, a duba ko ƙwaƙwalwarsa za ta amsa. Ta ce muryar wanda aka saba da shi ta fi ratsawa.

"Ni na kira Inna har na gaji. Kai ka kira ta da sunanta, mu gani."

"Ke, ba ki da kunya? Tun da aka kawo ta gidan nan bakina bai taɓa faɗin sunanta ba. Ita ma haka. Sai yau, a gaban ɗiyata?"

"In haka ne ba zan tafi ba. Ba zan bar ka kai kaɗai da wadda ba mu san ko tana jin ka ba."

"In kin zauna, mu biyu ne ba mu sani ba. In kin tafi, wataƙila ɗayanmu ya sani. Shirya kayanki."

Ya shaida mata cewa ya riga ya roƙi Nagoggo ta riƙa shigowa safe da yamma domin wanka da juyin marar lafiya. Rahma ta yi kuka, amma ba ta ƙara musu ba.

Ranar tafiya ya raka ta Kankiya. Suka tsaya a bakin titi har motar Kano ta cika. Ya sa mata albarka, bai dube ta ba.

Ya iso gida bayan la'asar. Nagoggo ta gama aikinta ta fita. Tsakar gida babu kowa sai kaji, da buta a inda Rahma ta aje ta. Ya shiga ɗakin, ya zauna a gefen tabarma, ya ba matar tasa labarin hanya, da tsadar mota, da yadda geron ƙauyen Dudunni ya fi nasu kyau bana. Labarin ya ƙare.

Ya leƙa ƙofa, ya tabbata babu mai jin sa. Sannan ya sunkuya.

"Mairama."

Sunan ya fito kamar ba daga bakinsa ba. Ya ga fatar idonta ta motsa kaɗan. Ko amsa ce, ko ƙuda ne ya gifta, ba shi da na'urar da za ta gaya masa, kuma mai koyo masa amsar ta riga ta wuce Tsanyawa.

Ya matsa kusa, ya sake kira.