Ƙafafun Motar Lukman

Ni na fara ganin inda motar nan za ta kai mu, tun kafin bakanike ya gani, tun kafin mai ita ya gani. Ranar da jikana Lukman ya shigo da ita garinmu Indabo, ƙarama, ja, tana gurnani, na ce a raina wannan ba za ta daɗe tana ɗaukata ba.

Ban yi boko ba, amma mota ba ta da abin da za ta ɓoye mini. Na ƙare ƙuruciyata ina jan babbar mota, ina kwasar shanu daga Karar Wudil zuwa kudu. Na taɓa faɗuwa da ita a wani gangare, shanu suka mutu, aka zaro ni da ƙugu a karye, na kuma tashi na koma sitiyari. Sai dai ƙugun bai yafe mini ba. A lokacin fitata ɗaya ce a mako. Ran Juma'a Lukman zai zo ya ɗauke ni mu yi masallacin Wudil, ya sauke ni a Kara, in zauna da abokina Ɗantani da ragowar tsofaffin direbobi har la'asar. Sauran ranaku kuwa tabarma ce da rediyo.

Shi Lukman da motar yake zuwa aiki, da ita kuma yake tsere ran Lahadi a wani fili da suka samu can wajen Kano. Wata Juma'a ya biya da ni garejin Haladu a Sabon Gari, wai za a sauya mata ƙafa. Haladu ya shimfiɗa kaya kashi biyu a kan kwali.

"Alhaji, wannan shokazoba ce mai ɗan mamurɗi a kai," in ji Haladu. "In za a shiga gari a murɗa ta yi laushi, in za a fili a murɗa ta yi tauri. Mota tana nan a tsayinta. Wannan kuma koyiloba, da sifirin ɗinta a jiki. Ita za a sauke motar ƙasa, ta kama kwana kamar an liƙe ta. Amma fa ko an sassauta ta, a hanyar Indabo sai haƙori ya haɗu."

Lukman bai ko dubi ta farkon ba. Ya ɗauki koyiloba yana shafawa.

Na ce, "Kai ja'iri, ɗauki mai laushin. Akwai mutane masu shiga motar nan."

Ya kwashe da dariya. "Su wa? Ɗan tsoho, ka ce dai ƙugu ya gaza! Ka faɗa a gaban Haladu, in ɗauki mai laushin, in kuma je in ƙwace Safara'u, tunda mijinta ya ƙare."

Safara'u matata ce, kakarsa. Haka muke da shi tun yana rarrafe, ban taɓa gaya masa wata magana ba tare da zolaya a ciki ba, shi ma haka. To ta ina zai gane yau da gaske nake? Ga Haladu yana murmushi, ga masu kawo gyara sun kasa kunne.

Na ce, "Ni? Ni da na yi Wudil zuwa Legas a kan kujerar katako? Sa mata ƙarfen jirgin ƙasa ma in ka ga dama, ka ga wanda zai fara kuka."

Haladu ya ɗago ya dube ni. Na kau da kai.

Juma'ar da ta biyo baya motar ba ta iya shigowa lungunmu ba, cikinta yana kartar ƙasa. Na dogara sandata na taka har bakin hanya. Muka kama hanyar Wudil. Kowane rami sai na ji shi a tsakiyar kaina, kowane tudun rage gudu sai ya bi shi a karkace yana lallaɓawa, duk da haka kamar ana buga mini guduma. Yana ta ba ni labarin yadda ya wuce kowa a kwana ran Lahadi, fuskarsa sai sheƙi take. Ni dai na cije baki. Sallar ranar a zaune na yi ta. A Kara kuwa sai da Ɗantani ya kama hannuna na fito.

Na kwanta, na daɗe a kwance. Safara'u ce ta kira shi a waya, ban san abin da ta gaya masa ba. Ya zo da hantsi ya durƙusa a ƙofar ɗakina, babu dariya.

"Alhaji, gobe zan kai wa Haladu ya cire."

Bai taɓa ce mini Alhaji ba. Abin ya fi mini ƙugun ciwo. Na dube shi, na tuna yadda fuskarsa take a mota. Ni ma na san wannan daɗin, na sha nawa har na ƙoshi. Kuma gaskiya na gaji. Na gaji da shiga, na gaji da fita, na gaji da cije baki.

Na ce, "Ka taɓa ta sai na saɓa maka. Motar da take cin tsere za ka mayar ta jakin kai tsoho kasuwa? Tashi ka ba ni wuri, mummuna."

Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Yanzu a masallacin Indabo nake Juma'a. Kara kuwa sai dai a kawo mini labarinta. An ce Ɗantani yana gaya wa mutane wai tsufa ne ya kayar da ni, Garzali. Ƙarya yake yi, ni na ajiye da kaina. Wanda yake musu, shi ko waninsa, ya zo Lukman ya ɗora shi a kujerar gaba daga nan zuwa gadar Wudil. In ya sauka ya miƙe tsaye bai dafa ƙofa ba, ya dawo ya faɗa mini a gaban idona.