Marasa Lambar Waya

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. A asibitin da nake kula da kwamfutoci, sunayen marasa lafiya suka riƙa ɓacewa daga sabuwar manhajar da na haɗa. Mutum ya zo jiya, yau a ce ba a san da zamansa ba. Kuma duk wanda ya ɓace, Gwaggon Kati ce ta shigar da shi, dattijuwar da ta shekara ashirin a tagar yankar kati.

Manaja ya kira ni. "Injiniya, na'urarka ce ko hannunta?"

"Ranka ya daɗe, na'ura ba ta ƙarya," na ce, ko dubawa ban yi ba. Aka ba ta takardar sallama, ƙarshen mako za ta tafi.

Ta biyo ni har ɗakin babbar kwamfuta. "Ɗana, ban goge kowa ba. Ka duba dai."

Haushi ya turnuƙe ni. Wai ni za a koya wa aiki. Don in rufe mata baki, na sa na'urar ta riƙa rubuta duk umarnin da aka aika wa rumbun bayanai, da lokacin, da wanda ya aiko.

Washegari na bi layukan ɗaya bayan ɗaya ina neman sunanta. Ƙarfe bakwai daidai, ga umarni: a goge duk wanda ba shi da lambar waya. Mai aikowa kuwa, ni.

Lokacin gwaji na cika rumbun da sunayen bogi marasa lamba, na sa a riƙa share su kullum da safe, na manta ban kashe ba. Sauran ma'aikata, in tsoho ya ce ba shi da waya, sai su jera sifili su wuce. Gwaggo ba ta rubuta abin da ba a faɗa mata ba, fili take bari.

Na kai wa Manaja maganar.

"Kashe abin kawai," ya ce. "Bakin alƙalami ya bushe, na riga na yi wa wata alkawarin kujerar."

Na yi magana har muryata ta dishe, shi yana ta latsa waya. Wallahi kamar in shaƙe shi, to amma wa ya ba shi wuƙar?

Na fito, Gwaggo na taga da wani tsoho. Ta ɗago. "Ɗana, ka duba?"

"Na duba, Gwaggo. Ni ne."

Ta juya ga tsohon.

"To, matsa. Kana tare mini layi."