Ku Zo Da Kayan Gida

Ƙugiyar wanzami ta riga ta shiga bakin yarinyar sa'ad da Milka ta banke ƙyauren langa-langa ta faɗo tsakar gidan. Ba ta yi sallama ba. Kafin tsohon ya ɗago kai ta cafke tsintsiyar hannunsa.

"Baba, fito da ƙarfen nan. A hankali."

Tamar, 'yarta mai shekara goma sha ɗaya, tana kan cinyar ubanta Kumai. Ya maƙale ƙafafunta da nasa, ya tallabe mata haɓa. Wuyan yarinyar ya kumbura har ya haɗe da muƙamuƙi, numfashinta na fita da shaƙaƙƙiyar ƙara kamar ana busa tsagaggiyar sarewa.

"Maman Tamar, ki sake shi ya gama aikinsa," in ji Kumai. "Belu ne kawai ya sauko."

Milka ta leƙa bakin. Can ciki wata yana mai launin toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, ga wani wari da ba ta taɓa ji daga bakin mai rai ba. Kullum rediyo sai ya kwatanta wannan yanar tun da mashaƙo ya shigo Kafanchan aka rufe makarantu. Ta gane ta kamar yadda ake gane fuskar maƙiyi.

Wanzami ya zare ƙugiyarsa yana ƙunƙuni. "Ke kam da tsoro kike. Yara nawa na cire wa a makon nan? Duk daga wajen Madam ake turo su, ba wanda ya zo ya riƙe mini hannu."

"Wace Madam?"

Tsohon ya dubi Kumai. Kumai ya dubi ƙasa.

Milka ba ta jira amsa ba. Ta sunkuci yarinyar, ta goya ta da zanin da take shanyar citta da shi, ta nufi ƙofa. Kumai ya sha gabanta.

"In kika kai ta asibiti za su yi tambaya."

"Su tambaya mana. Me muka sata?"

"Ki saurare ni tukuna."

"Baban Tamar, ka ba ni hanya. Maganar da ka riƙe a ciki har yau za ta iya ƙara kwana. Wannan numfashin ba zai ƙara ba."

Ya kauce.

* * *

A bakin titi maƙwabciyarta Binta ta riga ta tare ɗan acaɓa. Ita ce ta hango Kumai ya ɗauki yarinyar ya yi unguwar wanzamai, ta ruga filin shanya ta kira Milka. Suka hau su biyu, Tamar a tsakani, mashin ya cilla.

Tun ranar da aka rufe makarantu Milka ta ce 'yarta ba za ta zauna haka kawai ba. Ta taɓa fara kwalejin horon malamai kafin aure ya ɗauke ta, ƙwaƙwalwarta kuma ba ta yi tsatsa ba. Ta goge simintin ƙofar ɗaki ya zama allo, gawayi ya zama alli. Darasin rediyo yana farawa ta zaunar da Tamar a gindin mangwaro, ita tana yankan citta tana gyara mata lissafi. Wanke hannu kafin a taɓa tuwo, kofi kowa da nasa, ba zuwa gidan kowa. Tamar har ta soma kama rabawa mai tsawo, abin da ya gagare ta a aji.

Kumai kuwa ba abin ya burge shi ba. "Rediyo na ba da satifiket ne?" yakan ce. "Jarrabawar shiga sakandare na tafe, ke kina nan kina wasa da gawayi." Sai wata rana ya zo da sabuwar magana: yayarsa Emilia tana neman hannu wajen tsince citta da safe, Tamar ta riƙa zuwa. Aiki ne a fili, cikin iska, Milka ta yarda, ta mai da darasi yamma. Emilia ce mai makarantar kuɗi ta unguwar, matar dattijon ikilisiya, ita ce kuma ta biya wa Kumai koyon walda. Ba a ce mata a'a a gidan nan.

Mashin ya daki rami. Binta ta matso da bakinta kunnen Milka.

"Maman Tamar, ki yafe mini. Ba tsintar citta suke zuwa ba. Makaranta ce."

"Makaranta a rufe take."

"Ta bakin titi ce a rufe. Madam Emilia ta mai da aji cikin sito, bayan gidanta. Ta ce kada a sa yunifom, a zo da kayan gida, littafi a cikin kwando a rufe da citta. Har 'yata Zamzam tana zuwa. Na ɗauka kin sani kina ɓoyewa ne, yadda kowa ke ɓoyewa."

Milka ta tuna hannayen Tamar. Wanda ya wuni cikin citta, ko da sabulu ya yi wanka sai an ji yajin a fatarsa. Hannun Tamar kullum fes suke dawowa. Ta gani da idonta, ta ce a ranta yarinya ta iya wanke hannu, har tana jin daɗin koyarwarta ta kama.

* * *

A asibiti ba a tsaya dogon bayani ba. Wani nas mai suna Hussaini ya haska bakin da tocila, ya kira likita, aka wuce da Tamar ɗakin da aka ware. Aka ba Milka da Binta takunkumi da ƙwayoyin da za su sha, aka ce su jira a baranda.

Da ya fito ya tsaya nesa da su kaɗan.

"An sa mata maganin. Da an yanka wurin nan, da wata magana muke yi yanzu. To, Mama, ina yarinyar take zuwa? Da wa take cuɗanya? Cutar nan ba ta kama mutum ɗaya ta tsaya."

Milka ta buɗe baki ke nan sai ga ƙarar takalmi mai tsini. Emilia ce, da ɗankwalin zumuntar mata da babbar jaka, Kumai na biye da ita kamar wanda aka kamo.

"Gida take zama," Emilia ta amsa tun daga nesa. "Uwarta ce ke koya mata. Duk unguwa an sani, har yabonta muke yi. Ko ba haka ba, matar ƙanena?"

Ta ja Milka gefe, ta sassauta murya.

"Milka, ki yi tunani. Ni na roƙi iyayen nan? Su suka cika mini ƙofa suna kuka yara za su faɗi jarrabawa. Taimako na yi. Malamai na da iyali, su ci me? In aka ji, an rufe makarantar har abada, sunan mijina ya ɓaci a ikilisiya, mijinki ma ba zai fita ba, shi ya kawo ta da hannunsa. Tamar ta samu magani, Ubangiji ya ji addu'armu. Ki bar sauran a hannunsa."

"Anti, yaran da kika tura wajen wanzami fa?"

"Belu ne. Tun muna yara ake cirewa."

"Kin leƙa bakinsu?"

Emilia ta gyara jakarta. "Gida ɗaya muke. Kada ki manta wanda ya tsaya muku."

Milka ba ta manta ba. Ta san ranar Lahadi ba wanda zai matsa ya ba ta wuri a bencin coci. Ta san ko gishiri ta nema a dangin miji sai an tuna mata yau. Ta dubi Kumai, ya kasa ɗago ido. Ta dubi Binta, wadda ke murza bakin gyalenta, Zamzam ɗinta kuwa a wannan sa'ar tana zaune cikin siton.

Ta juya wajen nas.

"Malam Hussaini, kuna da mota? Ba zan kwatanta ba, za ku ɓata. Ni zan kai ku."

* * *

Daga waje siton shiru yake, kwaɗo a rataye a ƙofar gaba kamar ba kowa. Ta baya ake shiga. Milka ta tura ƙofar, zafi da warin citta da numfashin mutane suka daki fuskarta.

An toshe tagogin da buhuna don kada murya ta fita. Yara ne maƙil a kan tabarmi, gwiwa na gogar gwiwa, kowa cikin kayan gida, wasu da rigar ƙwallo, wasu da zanin uwa. Wani matashin malami yana tsaye gaban ƙaramin allo yana karanta musu jadawalin ninkawa da raɗa, su ma suna amsawa da raɗa. A kusurwa ga bokitin ruwa da kofin roba guda ɗaya a kan murfi.

Yaran suka ga fararen riguna, suka yi abin da aka koya musu: kowa ya tura littafi ƙarƙashin cinya ya jawo kwandon citta gabansa.

"Tsinta muke yi," in ji wata 'yar ƙarama, ba wanda ya tambaye ta.

Binta ta ratsa su ta fizgo Zamzam tana lalubar wuyanta. Milka kuwa idonta ya sauka can baya, inda wani yaro ke kwance a kan buhu, an ɗaure masa wuya da tsumma, busasshen jini a gefen bakinsa. Shi wanzami ya riga ya gama da shi. Sunansa Gershon. Malamin ya ce uwarsa ta kawo shi ne don kada ya rasa gwajin mako.

Hussaini ya ɗauke shi da kansa. Milka ta kama buhun taga ta farko ta fizge, haske ya zubo, yaran suka runtse ido.

* * *

Gershon bai kwana biyu a asibiti ba ya rasu. Sauran da aka samu da cutar sun tashi, Zamzam ko zazzaɓi ba ta yi ba, aka bi unguwar gida-gida da allurar rigakafi. Aka sa wa siton kwaɗo na gaske, gaba da baya.

A wajen jana'izar ba Emilia aka riƙa kallo ba. Milka aka kalla. A kasuwa ta ji wata na cewa yaran wasu za su maimaita aji saboda mace ɗaya mai dogon baki. Matan zumunta suka daina biyo mata gaisuwa. Ta ɗaure ɗankwalinta ta ci gaba da shanyar citta, ba ta sunkuyar da kai ga kowa ba.

Tamar ta dawo gida a rame, muryarta sirara kamar zare, likita ya ce kada ta yi gudu ko ɗaukar kaya har zuciyarta ta huta. Da safe Milka ta shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro, ta goge simintin. Binta ta zaunar da Zamzam a ɗaya gefen danga, inda za ta ji ba tare da ta tsallako ba. Kumai ne ya fito da rediyon. Ya sa sabon batir, ya tsaya yana riƙe da eriya sama don tashar ta fita sosai.

"Baba, hannunka zai gaji," in ji Tamar.

"Ki yi lissafinki. Hannun walda ne."

"Malam eriya," Binta ta ce daga bayan danga, "ka ɗan karkata hagu, mu nan ba ma ji."

Milka ta yi dariya, karo na farko tun ranar wanzami. Ta rubuta lamba da gawayi, Tamar ta raba ta daidai, ta ɗago tana jiran yabo.

Sai wani mashin ya tsaya a ƙofar gida.

Baƙo ne, ba ɗan unguwa ba, jar ƙasar hanyar Gidan Waya ta rufe masa wando. Ya ɗauko yara uku, biyu a baya ɗaya a kan tanki, kowanne riƙe da ƙaramar fartanya sabuwa fil, ko ƙasa ba ta taɓa ba.

"Sannunku da aiki," ya ce da fara'a, ya rage murya. "Don Allah ina hanyar gonar Madam? An ce lesin ya koma can, cikin rumfar ajiya. An ce a zo da kayan gona."

Rediyo na ta ƙirga lambobi shi kaɗai.

Yarinyar da ke kan tanki ba ta gaishe su ba. Rana ta riga ta yi zafi, amma an naɗe mata wuya da gyalen ulu har kunne. Kusurwar littafi ta leƙo daga ƙarƙashin rigarta. Ta haɗiyi yawu da ƙyar, ta runtse ido.

Milka ta ajiye gawayin a kan siminti, ta miƙe.